Jirgin Ƙasa Mai Hawa Dutse: Tambayoyi da Amsoshi kan Tafiyar Kalka zuwa Shimla

Duk shekara mutanenmu na Zamfara da Kabi suna zuwa Indiya, wasu neman magani, wasu rakiyar marar lafiya, wasu karatu a jami'o'in Punjab da kewayen Delhi. Akasarinsu daga filin jirgi sai asibiti ko makaranta, daga nan a leƙa kasuwa, sai gida. Alhali tafiyar yini guda daga Delhi akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ya haura shekara 120 yana hawa duwatsun Himalaya. A ganina duk wanda Allah ya kai ƙasar, yana da lafiya da ɗan sarari, bai kamata ya dawo bai shige shi ba. Tun da na fara ba da labarinsa a Gusau ake ta jefo mini tambayoyi, a majalisa da ta waya. Ga waɗanda suka fi yawa.

Wane jirgi ne wannan, kuma a ina yake?

Layin dogo ne da ya tashi daga Kalka, wani ƙaramin gari a jihar Haryana da ke gindin duwatsu kusa da Chandigarh, ya hau har Shimla, babban birnin jihar Himachal Pradesh. Tsawonsa kilomita 96. An buɗe shi a watan Nuwamba na 1903. Kalka tana kan tudun mita 656 daga teku, Shimla kuwa mita 2,075, wato jirgin yana hawa sama da mita 1,400 kafin ya kai. Don a gane, Jos da muke yi wa kallon garin sanyi tana wajen mita 1,200 ne.

Layin siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Wanda ya ratsa Gusau ƙafa 3 da inci 6 ne, na Abuja zuwa Kaduna kuma ya fi su duka faɗi. Saboda haka taragun ƙanana ne, mutum mai tsawo sai ya ɗan sunkuya a bakin ƙofa. A 2008 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Me ya kai Turawa shan wahalar kafa dogo a kan dutse?

Zafi suke gudu. A 1864 gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta mayar da Shimla babban birninta na lokacin bazara. Da zafi ya kama sai Gwamna Janar da sakatarorinsa da akwatunan takardu su kwaso daga Kalkata, babban birnin Indiya na lokacin, su hau dutse, sai sanyi ya sauko su koma. Sama da shekara 30 ana wannan hijira da keken doki da alfadarai da 'yan dako kafin a fara aikin dogo a 1898.

Shekarar da aka buɗe layin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1903 ɗin ne Turawa suka ci Kano da Sakkwato, a cikinta aka yi karon Kwatarkwashi, a cikinta Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Daular da take ƙwace ƙasarmu ita ce a daidai lokacin take fasa duwatsu a Indiya don manyanta su sha iska. Ba na son mai shiga jirgin ya manta da wannan, ya kuma tuna cewa hannun talakawan Indiya ne ya sassaƙa kowane dutse na gadojin nan. Abin da ya burge ni shi ne da suka karɓi ƙasarsu a 1947 ba su bar layin ya mutu ba.

Malam, mun san jirgin ƙasa ba ya son tudu. Yaya yake hawa bai sulalo ba?

Gaskiya ne ba ya so. Ƙafar ƙarfe a kan layin ƙarfe ba ta da riƙo irin na tayar mota a kwalta, tudu ya yi tsanani sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Dabarar da aka yi ita ce a hana shi fuskantar tudun kai-tsaye. Duk wanda ya taɓa kora jaki da kaya a kan tudu ya san ba ya miƙewa sama, karkacewa yake yi dama da hagu har ya kai. Haka aka shimfiɗa layin nan. Inda ya fi tsanani, sai an yi tafiyar mita 33 ake hawa mita 1.

Wannan ne ya jawo lanƙwasa sama da 900 a hanyar, kuma shi ya sa aka zaɓi siririn layi, domin shi ne ke iya shan kwana mai tsanani a jikin dutse. Inda dutse ya tare gaba sai a huda shi. Ramuka 102 jirgin yake ratsawa, ko da yake lambar na ƙarshe da ke bakin Shimla 103 ce, don an rushe ɗaya tun da daɗewa ba a sake lissafi ba. Inda kwazazzabo ya raba hanya kuma sai gada, sama da 800. Gadojin ba na ƙarfe ba ne akasarinsu. Da dutse aka gina su baka-baka, jere a kan jere, wata hawa huɗu wata biyar, har su cike kwarin su zo daidai da layi. Akwai wata kusa da tashar Kanoh da jirgin ke bi a lanƙwashe, in kana taragon baya za ka hango kan jirgin yana tsallaka ta tun kai ba ka iso ba.

Wajen saukowa kuwa aikin na birki ne, kuma ba a barin direba ya saki gudu.

Awa 5 a kilomita 96? Tazarar da ba ta kai rabin Gusau zuwa Sakkwato ba? Ba gara mota ba?

In sauri kake yi, gara mota, za ta kai ka cikin awa 3 ko ƙasa da haka. Amma ka sani abu biyu ne daban. Motar za ta kai ka Shimla, jirgin kuwa zai nuna maka dutsen. Yana tafiya wajen kilomita 20 zuwa 25 a awa, gudun da ido ke iya riƙe abin da ya gani. A mota hankalinka na kan direba da manyan motocin da ke fitowa daga kwana, cikinka na juyawa. A jirgi kana zaune da kofin shayi, taga a buɗe, ƙasa tana canza kama a gabanka sannu a hankali.

Mun saba ɗaukar tafiya a matsayin wahalar da ake jurewa don a isa. Hanyoyinmu ne suka koya mana haka, musamman a 'yan shekarun nan da matafiyi a Zamfara ba ya sakin jiki sai ya ga ƙofar gida. Shi ya sa nake matsa wa mutanenmu su gwada wannan. Awa biyar ka zauna kana kallon halittar Ubangiji, daji a dama daji a hagu, ba ka tsoron kowa, abu ne da zuciyar ɗan Zamfara take bukata ko da bai sani ba.

To me ake gani a hanyar?

Da farko ba wani abin a zo a gani. Bayan gidajen Kalka ne, da shanya, da zafi irin na ƙasa. Ba a jimawa sai ka lura rufin gidajen ya koma ƙarƙashinka. Iska ta fara sanyi. Itatuwa masu faɗin ganye su ja baya, dogaye masu siraran ganye da ƙamshin ƙaro su karɓe dutsen. Gonaki a sassare suke hawa-hawa a jikin tudu, wata faɗinta bai wuce taku biyar ba, an shuka masara ko tumatir, mata na aiki a ciki ba su ko ɗago kai don jirgi.

Tashoshin ƙanana ne masu tsabta, da fenti da tukwanen furanni: Dharampur, Barog, Solan, Kandaghat, Taradevi, Summer Hill. Da yake layi ɗaya ne, a wasunsu jirginku zai tsaya ya jira mai saukowa ya wuce. A bakin kowane rami an rubuta lambarsa da tsawonsa, yara su yi ta ƙirgawa. Da jirgi ya kutsa duhu sai taragu su ɗauki ihu da fito, manya ma ba a bar su a baya ba, ƙarar ƙarfe ta cika kunne, iska mai ɗanshi da warin dizal ta bugo fuska, can sai haske ya dawo kwatsam da wani kwari sabo a ƙarƙashin taga.

Bayan Barog layin yana ɗan gangarawa ta Solan zuwa Kandaghat, kada ka ɗauka an juya ne. Daga nan ake kama hawa na ƙarshe. A wajen Taradevi za ka hango Shimla a manne a jikin dutse, gidaje bisa gidaje, ka ce an iso. Da sauran tafiya, sai jirgin ya zagaye tsauni tukuna.

An ce akwai wani rami mai labari.

Na Barog ne, lamba 33, mafi tsawo a layin, mita 1,143, kuma a miƙe yake sak. Yana fitowa daidai bakin tashar. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne wani injiniya Bature mai suna Barog ya sa aka fara huda dutsen ta gefe biyu, ramukan suka saɓa ba su haɗu ba, aka ci shi tara, kunya ta sa ya kashe kansa. Sai aka sake haƙa wani a kusa, da taimakon wani mutumin yankin mai suna Bhalku da ya san halin dutsen. Labarin baka ne, a ɗauke shi a haka. Amma a Shimla akwai ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa da aka sa wa sunan Bhalku, kuma na ji daɗin ganin an tuna da ɗan ƙasa a aikin da aka saba jingina wa Turawa kaɗai.

A Barog jirgi ya fi daɗewa a tsaye, nan ake sauka a miƙe ƙafa a sayi shayi da soye-soye. Kada ka yi nisa.

Yaya ake samun tikiti?

Ta shafin intanet na IRCTC, kamfanin da ke sayar da tikitin jiragen ƙasan Indiya, ko a tagar tasha. Baƙo na iya buɗe asusu a shafin, amma ya fi sauƙi ka nemi ɗalibinmu da ke can ko ofishin tafiye-tafiye na masaukinka su yanka maka. A tabbata sunan da aka rubuta ya dace da na fasfo, domin mai duba tikiti zai tambaya. Ana fara sayarwa makonni kafin ranar tafiya, kuma kujerun ba su da yawa, a lokacin hutu nan da nan suke ƙarewa.

Ka duba haruffan da ke jikin tikitin. CNF na nufin kujerarka ta tabbata. WL na nufin kana layin jira, ba ka da wurin zama sai wani ya fasa. Kada ka kwashi iyali zuwa Kalka da WL.

Jiragen iri-iri ne. Shivalik Deluxe na sassafe ne, kujeru masu laushi, ba ya yawan tsayawa. Himalayan Queen na tsakar rana ne, an daidaita shi da Shatabdi, jirgi mai sauri da ke tasowa daga New Delhi da safe ya iso Kalka cikin kimanin awa 4. Akwai kuma na talakawa mai tsayawa kowace tasha, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sai dai cunkoso. Lokutan tashi suna canzawa, a duba a ranar.

Wane gefe ya fi kyau a zauna?

Dama in ana hawa, hagu in ana saukowa. Nan kwari ya fi buɗewa. In ba ka samu ba kada ka damu, layin na juyawa sosai, kowa na samun rabonsa.

Wane wata ya fi dacewa?

Ni Oktoba da Nuwamba na fi so. Damina ta wuce, dutse ya yi kore, sama ta washe, kuma jama'a sun ragu. Afrilu zuwa Yuni ma yanayin na da daɗi, amma lokacin ne mutanen Delhi ke gudun zafi, masauki ya yi tsada, tikiti ya yi wuya. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu ake sa ran dusar ƙanƙara. Wanda bai taɓa ganinta ba zai so, sai dai ba kowane mako take sauka ba.

Wanda ba na ba da shawara shi ne Yuli zuwa tsakiyar Satumba. Ruwan damina a can yana kwance ƙasa daga jikin dutse. A 2023 zaftarewar ƙasa ta wanke ƙarƙashin layin a kusa da Summer Hill, dogo ya rage a rataye a sama, aka yi makonni kafin jirgi ya sake kaiwa Shimla.

Sanyin ya kai na hunturun Gusau?

Ya wuce shi nesa. Namu busasshe ne, da hantsi ya ɗaga ya sake ka. Na can a watan Janairu yana kaiwa inda ruwa ke daskarewa, kuma yini yake yi. Babbar riga da hula ba za su wadatar ba. A nemi rigar sanyi mai kauri, da wata ta ciki, da safar ƙafa da ta hannu, da takalmi rufaffe. Ko a bazara a riƙe rigar sanyi a hannu, kada a cusa ta ƙasan akwati, don za ka bar Kalka kana gumi ka isa Shimla kana rawar ɗari. Kaya kuma a taƙaita. Taragon ba shi da wurin manyan akwatuna, gara a bar su a masauki a Delhi.

Ranka ya daɗe, Alhaji na kawo asibiti, an sallame mu. Zan iya kai shi ya sha iska?

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. A fara tambayar likitan da ya duba shi, a gaya masa a fili cewa garin yana kan mita 2,000 da ɗoriya. Mai lafiya ba ya jin komai a wannan tsayi in ban da ɗan haki wajen hawa matakala. Amma iskar sama ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, don haka mai ciwon zuciya, da mai ciwon huhu, da wanda bai daɗe da tiyata ba, da mai sikila, ba su hau sai da izinin likita. A kuma yi la'akari da zaman awa 5 a kujera, da cewa bayin jirgin ƙarami ne yana kuma girgiza. Shimla kanta gari ne na hawa da sauka. In likita ya yarda, a kama masaukin da mota ke kaiwa ƙofarsa, a tambaya tun kafin a biya.

Ba hatsari?

Hatsari ba ya da yawa a layin, amma ya taɓa faruwa. A Satumbar 2015 wani jirgi da aka yi haya don 'yan yawon buɗe ido ya kauce daga layi jim kaɗan bayan barin Kalka, mata biyu 'yan Birtaniya suka rasu. Abin da ya fi kusa da kai dai shi ne wanda kake jawo wa kanka. Za ka ga matasa sun tsaya a bakin ƙofa sun leƙo jiki waje suna ɗaukar hoto. Kada ka bi su. Bangon rami yana dab da jikin tarago, kuma ba ya sallama kafin ya iso. A riƙe yara, kada su fitar da kai ko hannu ta taga.

Salla fa?

Abu na farko, alƙibla. Mu nan gabas muke fuskanta, har jiki ya saba. A Indiya Makka tana yamma da kai. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 4 da rabi, a gyara waya a sa jadawalin garin da ake ciki.

Cikin tarago babu filin shimfiɗa darduma. Jirgin sassafe ya fi sauƙi, domin yana isa Shimla kafin azahar, sai dai a lokacin sanyi alfijir na makara, yana iya tashi kafin lokacin asuba ya shiga. Na tsakar rana kuwa yana cinye azahar ya kai ka can la'asar sakaliya. Kai matafiyi ne, shari'a ta yi maka sauƙi na kasaru da haɗa salloli, ka zauna da malaminka kafin ka bar gida ya warware maka yadda za ka yi. Ka shiga da alwala. A Shimla akwai masallacin Juma'a a cikin kasuwar da ke gangaren babban titi, tambaya kaɗan za ta kai ka.

Abinci?

A wannan yanki ba duk naman da ake sayarwa ne yankan Musulmi ba. Da yawa sara ɗaya ake yi wa dabbar. In ba ka ga shaidar halal ba, ko ba ka san mai shagon ba, ka tsaya ga abincin da ba nama, wanda ko'ina akwai shi: shinkafa da miyar wake, gurasarsu ta alkama, dankali, ƙwai. Abincin leda da na kwali suna da alama, koren ɗigo a cikin murabba'i na nufin babu nama a ciki. Yajinsu da yawa, amma ba zai gagari wanda ya saba da yajin tsire ba. Ruwa a sha na gora mai hatimi. In lokacin tuffa ne, daga Agusta zuwa Oktoba, a saya, domin jihar Himachal gidanta ne.

Yaya suke karɓar baƙin mutum?

Za a kalle ka, wani lokaci kallo mai tsawo. Wasu za su nemi ɗaukar hoto da kai, kana da damar cewa a'a. A cikin jirgin dai yawanci iyalai ne masu hutu, kuma kafin Barog wani ya miƙo maka abin da yake ci ya tambaye ka ƙasarku. Fasfo da biza su kasance a jikinka kullum, kowane otal sai ya rubuta bayanansu kafin ya ba baƙo ɗaki.

In an isa Shimla me za a yi?

Kwana biyu sun isa. Babban titin garin, Mall, ba a barin motoci su bi shi, da ƙafa ake yawo, akwai kuma na'urar ɗaga mutane daga titin ƙasa zuwa can. A je tsohon gidan Gwamna Janar da aka gama a 1888, wanda yanzu cibiyar bincike ce. A nan aka yi taron 1945 kan makomar Indiya, da su Jinnah da Maulana Azad. A garin ne kuma Indira Gandhi da Zulfikar Ali Bhutto na Pakistan suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 1972.

A kiyayi birai, musamman a tudun Jakhu. Suna fizge tabarau da leda da waya. Ba a shan taba a bainar jama'a, an kuma hana jakar leda a jihar, ana cin tara a kan duka biyun.

Ni jirgi mai hayaƙi nake so, irin na da. Shi ne wannan?

A'a, injin dizal ne ke jan jiragen yau da kullum a layin Shimla. Mai son tururi da kwal sai ya nufi ɗaya daga cikin 'yan'uwansa biyu.

Na Darjeeling, a arewa maso gabas, ya girme shi, an buɗe shi a 1881. Kilomita 88 ne, faɗin layinsa ƙafa 2 kacal. Shi ba a huda masa dutse ba. Wani wuri yakan zagaya ya hau ta kan layin da ya baro, wani wuri ya yi gaba, ya ja da baya zuwa wani layi na sama, ya sake yin gaba. Ana yawon awa 2 da tsofaffin injunan tururi daga Darjeeling zuwa Ghum, mita 2,258, tashar da ta fi kowace tsayi a Indiya. Ma'aikata kan zauna a goshin injin suna barbaɗa yashi a kan layi da hannu don ƙafa ta kama. In gari ya washe ana hango Kanchenjunga, dutse na uku a tsayi a duniya.

Na Nilgiri kuma yana kudu, a jihar Tamil Nadu, daga Mettupalayam zuwa Ooty, kilomita 46, an kammala shi a 1908. Tudunsa ya fi tsanani, mita 1 a kowace mita 12, saboda haka aka sa layi na uku mai haƙora a tsakiya, injin yana cizonsa da ƙafa mai haƙora yana tura taragu daga baya. Wanda ya je asibiti a Chennai ko Bangalore wannan ya fi masa kusa.

Na Turai fa?

Ƙasar Suwizalan ce uwar wannan sana'a. Layin Rigi na 1871 shi ne na farko mai haƙora da ya hau dutse a Turai, na Jungfrau kuma tun 1912 yake kai mutane mita 3,454. Suna da kyau matuƙa, amma biza da tsadar rayuwa a can wani zance ne daban. Na Indiya shi ne wanda aljihun ɗan makaranta ko mai jinya zai iya ɗauka.

Kawu, mu a Najeriya mun taɓa samun irinsa?

Mun taɓa, ɗana, kuma wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni. An yi wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, sama da kilomita 200, don kwaso kuza, aka kammala shi a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, daidai da na Shimla ba ragi ba ƙari, kuma shi ma hawa yake yi daga fili zuwa kan tsauni. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 sai amfaninsa ya ragu, a 1957 aka rufe shi aka tumɓuke. Abin da ya saura sai tsofaffin injuna a ajiye a gidan tarihi na Jos. Da an bar ko yankin da ya hau tsaunin, yau da 'ya'yanmu na da inda za su je hutu su ga ƙasarsu ta taga.

Namu na nan gida, daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, an kammala shi a 1929. Ba na dutse ba ne, amma shi ya raya Gusau, shi ya kwashi gyaɗa da auduga, shi ya tara 'yan kasuwa daga ko'ina a Sabon Gari. Mutanen Kabi ma da dogo bai taɓa kaiwa gare su ba, nan kayansu ke zuwa su hau. Yau yaro zai girma a unguwar tasha bai san kukan jirgi ba. Layin Shimla ya girmi namu da shekara 26, ruwa na cin sa duk damina, ana gyarawa ana ci gaba. Ba wani sirri suke da shi ba illa ma'aikatan da ke bin layi da ƙafa suna duba ƙusoshi, da hukumar da ke sakin kuɗin gyara. Ina roƙon 'yan majalisarmu na Zamfara da Kabi su riƙa tayar da maganar layin Ƙaura a duk zaman kasafi, ginin tashoshin kuma a hana su rushewa tun suna tsaye.

Wace takarda zan tanada daga gida?

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6, da biza daga ofishin jakadancin Indiya a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, da katin allurar rigakafin shawara, wanda ake dubawa a filin jirgi. Wanda ya je da bizar jinya ko ta karatu ya tambayi asibitinsa ko makarantarsa ko akwai rajistar da zai kammala kafin ya bar gari. A canza kuɗi zuwa rupi tun a Delhi, a riƙe ƙananan takardu, don mai shayi a Barog ba zai sami canjin babbar takarda ba kafin jirgi ya yi kuka.

A dawo da jirgi ko da mota?

In akwai jirgin sama da za ka kama a Delhi, sauko da mota ko bas zuwa Chandigarh, kada ka jingina tafiyarka ga layin da ruwan sama ɗaya ke iya tsayarwa. In ba abin da ke koran ka, yanki tikitin dawowa tun ranar da ka yanki na zuwa, ka zaɓi lokacin da ya saɓa da na hawanka, wanda ya hau da asuba ya sauko da rana, don ya ga wuraren da duhu ya ɓoye masa.